Amanar Mawahib a Iskandariyya

Tun da hantsi tsakar gidan Haj Abdulbaƙi da ke Karima ya cika da mata 'yan sallama. An buɗe akwati a kan gadon igiya ƙarƙashin darbejiya, Habboba, kakar gidan, tana zaune a gefensa tana cusa ƙulli-ƙulli: garin kuɓewa, busasshen nama, dabino, turaren wuta.

"Habboba, don Allah ya isa haka," in ji Mawahib, jikarta mai tafiyar, tana dariya. "Karatun haɗa magunguna zan je yi, ba shago zan buɗe ba."

"Rufe min baki. Mutanen da ko kisra, wainar dawarmu, ba su iya ba, me za su ba ki ki ƙoshi? Ki dawo min kamar sillen kara ki gani."

Rimaz, ƙanwar Mawahib, tana ninke mata laffaya tana raɗa mata cewa ta kama mata wuri, ita ma tana nan tafe in ta gama sakandare. Su biyu ke nan wurin ubansu, kuma tun rasuwar mahaifiyarsu Habboba ce ta riƙe su.

Ana cikin haka Baffa Siddiƙ ya yi gyaran murya ya shigo. Shi ne wan mahaifinsu, babban dangi, wanda ba a ɗaura aure ko a raba gado sai da shi. Bai amsa gaisuwar matan da kyau ba, ya tsaya a gaban ƙaninsa.

"Abdulbaƙi, ashe da gaske kake? Jami'o'in Khartum sun ƙare ne, sai ka tura 'ya mace Masar ita kaɗai?"

"Gurbi aka ba ta saboda ƙoƙarinta, Yaya. Kuma na yarda da tarbiyyar 'yata."

"To madalla. Amma ka ji da kyau, ke ma ki ji. Ranar da wata magana ta biyo ki gidan nan, babu 'yar da za ta sake ƙetare Halfa da sunan karatu a zuri'armu. Ke ce ta fari, ki yi hankali kada ki zama ta ƙarshe."

Ya juya ya fita. Rimaz ta daina ninke kayan.

Washegari mahaifin ya raka ta har Halfa, garin da ke bakin iyaka. A bakin jirgin ruwa bai yi mata doguwar nasiha ba, ya dai riƙe hannunta ya ce, "Na tsaya miki a gaban mutane, Mawahib. Ki tsaya mini a bayan idona."

Jirgin ya cika maƙil da 'yan kasuwa da buhunansu da marasa lafiya masu zuwa asibitin Alƙahira. Ta samu ɗan wuri kusa da wata tsohuwa, ta rungume jakarta, tana kuka a ɓoye har suka isa Aswan. Daga nan jirgin ƙasa ya kwashe ta, gonaki da garuruwa suna wucewa ta taga har ta gaji da kallo, ta sauka Iskandariyya da kumburarrun ƙafafu.

Shekarar farko ta sha wuya. Ɗakin da suka kama da wasu ɗalibai mata yana can saman bene, ba lif, bangon kullum a jiƙe da gumin teku. Da sanyi ya shigo da ruwan samansa, ita da ta tashi a garin da ake shekara ba a ga hadari ba, sai ta riƙa kwana da safa biyu tana rawar ɗari. Da safe ta sayi wake da burodi a bakin titi, ta rataya a taragon mata na jirgin cikin gari zuwa makaranta. Malamai suna zuba magana da sauri kamar ana korarsu, kafin ta kama jimla ɗaya sun wuce uku. A hanya yara kan bi ta suna kiran "cakulan, cakulan," manya kuma su tambaye ta ko a gidan wa take aiki. In ta kira gida sai ta ce komai lafiya.

A ɗakin gwaji ta fara sanin Hazim. Rukuninsu ɗaya, kuma ranar farko da ta buɗe baki ta yi tambaya da karin harshen garinsu na Karima, shi ne ya fara tuntsirewa da dariya, sauran suka bi. Ba ta sake magana a ajin ba har mako ya zagayo. Ran nan ya tare ta a bakin ƙofa, kunnuwansa sun yi ja.

"Doktora, na yi rashin hankali. Ki yafe min."

"Ba komai. Ku ma in kuka zo garinmu haka za a yi muku."

"To ki koya min tun yanzu, kada a kashe ni da dariya."

Ta so ta ɗaure fuska, murmushi ya ƙwace mata.

Daga nan ya zama shi ke fassara mata abin da malami ya haɗiye, ita kuma ta warware masa lissafin da ke ba shi ciwon kai. Shi ya bi mata layin sabunta izinin zama ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita. Ita ta fara ɗanɗana masa miyar kuɓewa a cikin kwanon da ta kawo makaranta, ya ci yana hawayen yaji yana rantsuwa da daɗi. Ba su taɓa keɓewa ba, kullum a cikin jama'a, amma kafin shekara ta uku ta ƙare duk ajin sun san abin da su biyun ba su furta ba.

Wata Juma'a ya ce mahaifiyarsa na gayyatarta cin abinci. Mahaifinsa ya rasu, shi kaɗai ne ɗanta namiji. Mawahib ta sa laffayarta mafi kyau, ta ɗauki dabinon Karima ta tafi. Mahaifiyar tasa, Ummu Hazim, ta karɓe ta da fara'a, ta cika mata faranti da kifi da shinkafa, tana ta cewa, "Ci, 'yata, ci." Da aka gama Mawahib ta tattara kwanuka ta nufi kicin don ta taimaka. A bakin labule ta ji muryar uwar ƙasa-ƙasa.

"Ban ce ba ta da ladabi ba, Hazim. Amma ka dube ta, ka dube mu. Jikokina fa, da wace kala za su fito? Me zan ce wa 'yan'uwana?"

"Mama, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa. Ka yi karatu da ita, amma kada ka kawo min wata magana."

Mawahib ta koma da baya a hankali, ta ajiye kwanukan a kan tebur, ta zauna ta sha shayin da aka kawo har ƙasan kofi, ta yi godiya. Sai da ta shiga tarago hawayen suka zubo. Ba ta gaya wa kowa ba, har shi.

Bayan 'yan watanni matar Baffa Siddiƙ, Inna Awadiyya, ta zo Iskandariyya aikin ido, ta sauka a ɗakin Mawahib. Lokacin jarrabawa ne, sai Hazim ya ɗauke mata nauyi: shi ya nemo likita, shi ya riƙa samo tasi, shi ya karɓo magani. Inna Awadiyya ta yi ta sa masa albarka. Amma idon da aka gyara mata ya ga fiye da abin da aka so ya gani.

"Wannan ɗan farin, wane ne shi a wurinki?" ta tambaya tana shafa man ƙafa.

"Ɗan ajinmu ne, Inna."

"Uhm. 'Yan ajinku suna da kirki ƙwarai."

Ba a yi nisa da komawarta ba waya ta shigo. Rimaz ce.

"Kin kyauta, Yaya. Kin kyauta min."

"Me ya faru? Ki yi min magana a hankali."

"Sakamakona ya fito, na samu gurbin likitanci a Alƙahira. Baffa ya tara mutane ya ce ba inda za ni. Wai kin samu saurayi Bamisire, har shi ke riƙe miki jaka a titi. Babanmu kuwa, Yaba, ko fita masallacin unguwa ba ya son yi yanzu, can bakin kasuwa yake zuwa salla."

"Rimaz, wallahi ban aikata komai ba."

"Ni ma ban aikata komai ba, ga shi ni aka hukunta."

Ta kashe wayar. Mawahib ta zauna a kan matakalar bene da littafi a cinya, ta kasa gane ko harafi ɗaya.

Da aka yi hutu ta kama hanya, jirgin ƙasa, jirgin ruwa, mota, ba ta iya cin komai ba sai ruwa. Ta tarar da gidan kamar an yi rasuwa. Habboba ta rungume ta tana kuka, Rimaz ta miƙa mata hannu daga nesa ta shige ɗaki. Baffa Siddiƙ ya zo da la'asar, ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, ya ce a cire ta daga makarantar a zauna lafiya. Mahaifinta ya jira har kowa ya watse. Sannan ya ce ta biyo shi gona.

Suka zauna a gindin dabino, ruwa na gudu a lambatu kusa da su.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Akwai abin kunya tsakaninki da yaron nan?"

"Babu, Yaba. Allah ne shaida."

"Kina son sa?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan laffayarta. Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Ban ga laifinki don zuciyarki ta so mutum ba. Abin da ya ƙona ni shi ne a bakin Awadiyya na ji. Na zauna a gaban yayana kamar wanda bai san gidansa ba."

"Na ji tsoro ne, Yaba. Kuma mahaifiyarsa ba ta so na." Nan ta kwashe abin da ta ji a bakin labule ta gaya masa. Fuskarsa ta canza, ya cire rawaninsa ya sake naɗawa.

"To ji nan. Za ki koma ki ƙarasa, ko da Siddiƙ zai daina gaishe ni. Amma daga yau ba ke ba yaron nan, sai sallama irin ta musulmi. Ba waya, ba saƙo. In kin gama ki dawo gida. In da gaske yake, Karima ba ɓoyayyen gari ba ne. In ba da gaske yake ba, Allah ya raba ki da wahala. Za ki iya?"

"Zan iya," ta ce, ba tare da ta san ko gaskiya ta faɗa ba.

Ranar da ta koma makaranta ta sami Hazim a harabar sashensu, ɗalibai na kai da kawo, ta gaya masa komai a tsaye. Ya saurara yana murza hannu.

"Mawahib, ke ba yarinya ba ce, ni ma haka. Mu je a ɗaura mana aure a nan, da shaidu, bisa doka. In an gama dole kowa ya haƙura."

"Rimaz fa? Mahaifina fa, da ya sa mutuncinsa a hannuna?"

"Ni fa? Ni ba mutum ba ne?"

"Kai ma kana da uwa. Na ji abin da ta ce ran nan a kicin, Hazim. Na ji duka."

Ya kasa ɗaga ido.

"Ba zan shiga gidan da za a riƙa duba fatar 'ya'yana ba, kuma ba zan fita daga gidanmu ta taga ba. In kana so na, ka shawo kan mahaifiyarka da lalama, ka zo wurin mahaifina ta ƙofa. In ba za ka iya ba, na yafe maka tun yau."

"Har yaushe zan jira?"

"Ban sani ba."

Ya juya ya tafi cikin fushi, bai waiwayo ba.

Sauran karatun ya zame mata kamar tafiya a kan ƙaya. Ta nemi a canza mata rukuni. Kullum tana ganinsa a aji, ya rame, ya daina barkwancin da aka san shi da shi, in sun haɗu a matakala su yi sallama kamar baƙi. Sau da yawa ta ɗauki waya ta nemo sunansa, ta ajiye. Ta ji 'yan aji na cewa uwarsa na kai shi gidajen 'yan'uwa ganin 'yan mata, ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska ta koma aji. Rimaz kuwa ba ta ɗaukar wayarta. In abin ya yi mata yawa takan je bakin teku da rana ta zauna a kan dakali, ta kalli ruwa har zuciyarta ta lafa, ta tashi ta koma ga littafi.

Ta gama da sakamako mai kyau. Ranar da za ta bar garin ba ta neme shi ba, shi ma bai zo tasha ba.

A Karima ta kama aiki a ɗakin magani na asibiti. Mutane suka zuba ido su ga abin da za ta yi, suka ga ba ta yi komai ba sai aiki da gida. Masu neman aure suka fara zuwa, tana ba su haƙuri, mahaifinta bai matsa mata ba. Wata rana ta shirya da kanta ta je gidan Baffa Siddiƙ, ta durƙusa a gabansa.

"Baffa, ga ni na dawo kamar yadda na tafi. In akwai hukunci, ni ya kamata ya hau, ba Rimaz ba. Shekarunta na tafiya a zaune."

Ya daɗe yana jan carbi. "Na zaci ba za ki dawo ba," ya ce daga ƙarshe. "Na riga na gaya wa mutane ba za ki dawo ba." Bai ƙara komai ba, amma da aka buɗe neman gurbi na shekarar, shi da kansa ya ce wa ƙaninsa a bar yarinyar ta gwada. Rimaz ta sake samu. Ranar tafiyarta ta faɗa jikin yayarta, suka yi kukan da suka daɗe suna riƙewa. Shekarun da ta rasa dai sun tafi, kuma dukansu sun san haka.

Lokacin girbin dabino ne, ana ta shanya a tsakar gida, sai ga wata mota ta tsaya a ƙofa. Hazim ya fito, rana ta ƙona masa fuska, yana tallafe da mahaifiyarsa wadda ke ɗingishi, ga wani dattijo kawunsa a bayansu. Mawahib ta hango su daga zaure, ta jingina da bango.

Aka shigar da Ummu Hazim wurin mata. Ta zube a kan gadon igiya tana fifita da mayafi.

"Wannan hanya ba ta mutane ba ce. Jirgin nan ya kusa kashe ni."

"Ita jikata ta yi ta bi, ita kaɗai, ba ɗa a gefenta," in ji Habboba tana miƙa mata ruwan randa. "Sha, ki huce. Kin yi ja kamar tumatir."

Bayan an ci an sha, Haj Abdulbaƙi ya nemi a zauna gaba ɗaya, har da Baffa Siddiƙ. Kawun Hazim ya fara jawabin neman aure, mahaifin ya ɗaga hannu cikin ladabi ya juya ga uwar.

"Hajja, kafin maza su yi magana, ke nake so in ji. An ce kin damu da kalar jikokinki. Ga mu nan, kin gan mu. Haka za su fito, ko kusa da haka."

Ummu Hazim ta dubi ɗanta, ta dubi Mawahib da ke rakuɓe a bayan kakarta.

"Na faɗa, ya Haj, ba zan musa ba. Na kai yaron nan gida-gida, duk inda muka je sai ya gaishe su da ladabi, mu dawo ya sumbaci kaina ya ce, 'Mama, ki yi haƙuri.' Bai taɓa ɗaga min murya ba, bai kuma taɓa canzawa ba. Na yi ta jiran 'yarku ta kira shi in samu abin faɗa a kanta, ba ta kira ba. Sai na fara jin kunyar kaina a kan sallaya. Ban zo nan don an fi ƙarfina ba. Na zo ne in roƙi yarinyar da na ci wa fuska a gidana, tana baƙuwa, ba uwa a kusa." Ta miƙa hannu. "Zo nan, 'yata, in kin yarda."

Mawahib ta dubi mahaifinta, ya gyaɗa mata kai. Ta taso ta durƙusa, matar ta riƙe fuskarta da hannu biyu tana kuka.

Baffa Siddiƙ ya yi gyaran murya. "Ni dai ban so a kai mana 'ya bakin teku ba. Amma wanda ya jira haka, ya kuma ɗauko tsohuwarsa ya biyo wannan hanya, ba zan ce masa ya koma hannu wofi ba. Sharaɗina ɗaya, kowace shekara a kawo ta gida."

"Ko ba ka faɗa ba, Baffa," in ji Hazim, ya gwada faɗa da karin harshen garin, ya karkata shi. Tsakar gidan ya ɗauki dariya, har Baffan ya kasa riƙewa.

Aka ɗaura auren bayan an gama girbi. Aka yi wa ango lalle a hannu yana ta zare ido, Habboba ta ɗaura musu jan zaren al'adar aure a hannu ta fesa musu turare, Ummu Hazim ta rangaɗa guɗa irin ta garinsu har matan Karima suka taya ta. Rimaz ta zo daga Alƙahira, ita ta riƙe wa amarya laffaya.

Ba a ce komai ya zama zuma daga ranar ba. A Iskandariyya akwai dangin da suka daɗe ba su sake da Mawahib ba, akwai kuma ranakun da kewar gida ke hana ta sukuni. Amma ta shiga gidan mijinta da kanta a ɗage, ba wanda ya yi kukan baƙin ciki saboda aurenta, ba ƙofar da ta rufe wa na bayanta. Da ta bi son zuciya a ranar da aka yi mata tayin gajeriyar hanya, da ta sami miji ta rasa uba da ƙanwa. Duk wanda iyaye suka sake shi ya yi nisa don neman ilimi, ya sani ba shi kaɗai ya tafi ba, da mutuncin gidansu da rabon ƙannensa ya tafi. Soyayyar da ta iya jira har iyaye su sa albarka, ita ce ke zama lafiya a ɗaki.